Shekara Ashirin da Ɗaya Ina Gudun Akushin Baba

Ranar addu'ar uku ta surukina, uban matata, wanda duk muke kira Baba, muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidansa a Anka ana karɓar gaisuwa, sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke wata tsohuwa da babban kwano a lulluɓe. Ta durƙusa daga gefe ta yi mana ta'aziyya, ta ce daga Bukkuyum take. Wan Baba, wanda shi ne malamin zuri'ar kuma shi ke jan addu'a, bai gane ta ba, ya tambaye ta ta wane ɓangare suka haɗa dangi. Ta ce ba su haɗa komai ba. Waina take soyawa a bakin tasha, kuma shekara talatin ke nan marigayin bai taɓa cin kasuwar garinsu ya wuce kaskonta ba. Ta buɗe kwanon, waina ce cike har baki. Ta ce a yi masa sadaka da ita, ita ce abin da ta san yana so.

Kafin azahar wani mai balangu ya iso daga Gummi, ƙamshin hayaƙi na bin rigarsa. Bayansa wata Bafulatana mai nono, wadda ta shiga cikin gida ta yi kukan da 'ya'yan cikinsa ma ba su yi ba. Mai shayin tasharmu kuwa tun ranar jana'iza bai kafa teburinsa ba, yana nan zaune a ƙarshen tabarma kamar wanda aka yi wa sata. Malam ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya sunkuyo wajen kunnena ya ce, tunda ni ke ɗaukar ƙaninsa a mota, in gaya masa inda ya samo wannan dangin. Na ce a bakin murhu. Waɗanda ke kusa suka kwashe da dariya, sai suka tuna inda suke, kowa ya koma jan carbinsa. Malam bai yi dariya ba, amma na ga ya kai gefen rawani ya share ido.

A wurin nan na ƙudura sai na rubuta wani abu a kansa. Jikokinsa ƙanana ne. In aka yi shiru, za su tashi su ji an ce kakansu ɗan koli ne mai son ciye-ciye, shi ke nan an gama da shi. Kuma akwai abin da ke tsakanina da shi da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata. Shekara ashirin da ɗaya Baba yana neman abu guda a wurina, in zauna in ci abinci tare da shi. Ni kuwa shekara ashirin da ɗaya ina gudu.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san dalili. Namiji ba ya cin abinci a gaban uban matarsa. Ko ruwa ne sai ka kauce, ka juya baya, ka kurɓa kamar ɓarawo. Mu kuma gidanmu abin ya yi tsanani. Ranar da aka ɗaura mini aure mahaifina ya kira ni ɗaki, na zaci nasihar zaman aure zai yi mini, ashe abu ɗaya ne. Ya ce ranar da ya ji na tauna ko da goro ne a gaban surukina, to in nemi wani uban. Na riƙe wannan magana gam, har ina alfahari da ita a tasha. To sai Allah ya haɗa ni da surukin da bai san wata soyayya ba sai ta a ci tare.

Baba ɗan koli ne: allura, zare, madubi, kwalli, turaren ɗan goma, irin waɗannan. Da su ya ci kasuwannin Anka da Bukkuyum da Gummi da ƙauyukan da ke tsakani, tun yana ɗaukar kaya a ka har ya sayi keke, har ƙafa ta gaji ya koma shiga mota. Ni direban motar haya ne a wannan hanya, don haka gidan gaba nasa ne duk ranar kasuwa. Ba zan ce ya tara wani abu da kolin nan ba. Ni a ganina kolin dalili ne kawai na fita.

In ka tambaye shi nisan wani gari, ba zai gaya maka nisa ba, abin da ake ci a can zai gaya maka. Wancan ƙauyen hocensu, wato gashin ƙullun dawa, ya fi na kowa, don dawarsu ja ce kuma ba sa gaggawar sauke shi. Wannan kuma kada ka kuskura ka sha furarsu bayan la'asar, ta yi tsami. Akwai wata mararraba da in mun iso sai ya dafa mini hannu in tsaya, fasinja na gunaguni, ya sauka ya sayo dafaffiyar gurjiya wurin wata mata da ke zama a gindin tsamiya. Ya dawo ya raba wa motar kaf, har mai gunagunin. Lokacin rake ya san gonar da ake dafa mazarƙwaila mai kyau. Lokacin fara ya san wadda ke soya ta da yaji ba ta cika mai ba. Aljihun babbar rigarsa kuwa rumbu ne. Aya, dakuwa, kantu, ɗinya, ba ka sa hannu ka fito wayam. Inna, wato matarsa, ta sha faɗa a kan tururuwar da ke bin rigunansa a ƙusa.

Yana da yadda yake zama wa abinci. Sai ya tura hula ƙeya, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na bayan rumfa zai ji. Loma uku na farko ba ya magana, ko sallama aka yi sai dai ya ɗaga hannu. Mai abincin kuma na tsaye tana jira, don kowa ya san hukuncinsa. In ya ce madalla kawai, to akwai gyara, ta je ta binciki miyarta. In kuwa ya girgiza kai ya ce Allah ya jiƙan wadda ta koya mata, to ranar nan har dare tana fara'a. Bai taɓa kushe abincin kowa a gaban mutane ba. Sai an watse zai matsa ya ce, ɗiyata, gishirin nan ki riƙa tausaya mana.

Amma babban halinsa shi ne ba ya iya ci shi kaɗai. Mu sauran mutane in mun ce wa mai wucewa bisimilla, a baki ne, muna fatan ya ce alhamdu lillahi ya yi gaba. Shi Baba da gaske yake. Na sha ganinsa zaune da kwano a rufe a gabansa, abinci na hucewa, yana raba ido yana jiran wanda zai kama. Ɗan dako, mai facin taya, baƙon da motarsa ta lalace, duk wanda ya faɗo. In mutum ya ce ya ƙoshi, sai ya ce to zo ka taya ni hira, da an zauna kuwa hannu zai shiga.

Wannan hali shi ya haɗa shi faɗa da Malam shekara da shekaru. Malam na ganin zubar da girma ne dattijo mai furfura, ɗan gidan malamai, ya zauna a bencin tasha yana suɗar yatsa. Ya kira shi ya yi masa faɗa ya fi a ƙirga. Baba ba ya musu da wansa, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Kasuwa na zagayowa ya koma bencinsa, kuma ya dawo da ƙunshin alkaki ya aika wa Malam tsaraba. Malam kuwa bai taɓa mayar da alkakin nan ba. Wata rana a mota Baba ya gaya mini, yana dariya har da tari, cewa shi da Malam duk abu ɗaya suke so, bambancinsu ƙyaure ne kawai, shi Malam sai ya rufe ɗaki yake cin nasa.

Da Inna kuwa sau ɗaya na san sun yi babba, kuma bakinsa ne ya ja masa. Ana cikin cin tuwo ya ce wai miyar taushen mai wainar Bukkuyum akwai wani abu a cikinta da ba ya ji a ta gida. Ashe Inna na jinsa. Washegari aka kawo masa tuwo da miya lami, ba gishiri, ba daddawa. Ya cinye ya ce madalla. Haka aka yi kwana bakwai. Maimakon ya ba da haƙuri, sai ya tafi Bukkuyum ya tambayo matar nan sirrin miyarta, ya dawo da murnarsa ya gaya wa Inna wai gyaɗar ake fara soyawa kafin a daka. Kai, ranar nan matata ta ce ko lamin ma bai samu ba. Sai da ƙanwarsa ta zo daga Gummi ta sasanta su. Amma ni shaida ne, tun daga lokacin Inna soya gyaɗarta take yi, kuma ba wanda ya isa ya faɗa.

Shekarar da gubar dalma ta kwantar da yara a ƙauyukanmu, aka riƙa kawo su Anka jinya, iyaye mata na kwana da kwanaki a garin da ba su san kowa ba. Baba ba shi da abin da zai ba da na a zo a gani. Abin da ya yi shi ne, kullum da safe sai ya sayi ƙosai da koko ya kai musu, ya zauna daga nesa yana yi musu surutu har sai ya ga sun ci. Ya ce uwar da ɗanta ke kwance ba ta tuna tana da ciki, sai an tsaya a kanta. Ya yi makonni yana wannan, kolin ma ya ajiye shi.

To ka ga irin mutumin da nake gudu. Kuma gudun nan ya wahalar da ni, wallahi. Ranar da yake cikin motata wuni nake da yunwa. In mun isa kasuwa ya zauna ya buɗe kwano ya ce, Direba, bisimilla, sai in ce zan duba ruwan mota. Motar nan an duba mata ruwa fiye da kowace mota a jihar nan. Wata rana a Bukkuyum yunwa ta ci ƙarfina, na sayi ƙosai na zagaya bayan mota na tsuguna a gindin taya. Na kai na biyu baki ke nan sai na ji takunsa. Na cusa sauran a aljihun farar rigata, na miƙe bakina cike, ina gaishe shi da ka. Ya dubi man da ke naso a ƙirjina, ya dubi sama, ya ce da alama za a yi ruwa. Washegari ya aiko wa matata sabulu sanda guda, bai ce na mene ne ba.

Daga nan na koma cewa ina azumi. Litinin da Alhamis abin ya tafi daidai. Sai wata Talata bakina ya suɓuce na ce ina azumi, ya ce, ikon Allah, Direba, kai ka fi Malam ibada. Kuma ni in na faɗa sai in ji tsoron Allah in kama bakina har magariba, ga tuƙi, ga rana. Haka surukina ya sa na yi azumin nafila da ban yi niyya ba, ban san ko akwai lada a ciki ba. Shi ya laƙaba mini Sarkin Kunya, sunan ya bi ni har tasha.

Ni duk a wasa na ɗauki abin, har ranar da matata ta zaunar da ni. Ta ce in lura, su biyar ne a wurin Baba, duka mata. A gida akushinsa zaure ake kai masa, da abokansa yake ci, kuma abokan nan ɗaya bayan ɗaya suna tafiya. Yanzu sau da yawa akushin yadda aka kai shi haka ake dawo da shi, sai dai ya ce ba ya jin yunwa. Ta ce ya taɓa gaya wa Inna cewa Allah bai ba shi ɗa namiji ba, amma ya ba shi Direba, sai dai Direban ba ya zama. Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Amma na ce mata ta san ba a yi. Mahaifina ya riga ya rasu a lokacin, kuma sai nake jin kamar yanzu ne ma maganarsa ta fi nauyi.

Bara ciwo ya kama Baba a maƙogwaro. Da farko nama ne ba ya wucewa, sai tuwo, har aka kai sai kunu mai ruwa-ruwa, shi ma da dabara. Mutumin da ya san ɗanɗanon kowace kasuwa ya koma shan kunu da cokali. Ya rame, rigunansa suka yi masa yawa. Amma bai daina tambaya ba. In na dawo daga hanya na je gaishe shi, sai ya ce in gaya masa ko matar gindin tsamiya na nan, ko rake ya fara fitowa.

Wata safiya ya aiko a kira ni. Ya ce yana so in kai shi Gummi ya gaida ƙanwarsa, mu biyu kawai, kada in ɗauki fasinja. Inna ta hana, ta ce ga jiki ba ƙarfi, ga hanya ba lafiya. Ya ce da rana za mu je, da rana za mu dawo. Muka tafi. Gidan ƙanwar tasa bai yi rabin awa ba ya ce mu tashi. Da muka fito sai ya ce in karya ta bakin gulbi. A can akwai wani tsoho mai soya kifi a wata 'yar rumfa, sun san juna tun suna samari. Na kama Baba na zaunar da shi a benci. Ya zaɓi tarwaɗa da kansa, ya ce wannan, mai ƙiba. Aka soya ta a man gyaɗa, aka barbaɗa yajin ƙuli, aka ajiye a faranti a gabansa tana tururi. Ni ina ta mamaki yadda zai yi da ita. Na juya zan koma mota kamar yadda na saba.

"Direba, zamna," in ji shi.

Na tsaya. Ya tura farantin zuwa ɗaya gefen bencin.

"Ni maƙogwarona ya ruhe, ba ni iya haɗiya. Amma idona lahiya lau yake. Ka ci in gani."

Na ce, "Baba, ka san ba a yi."

"Na sani. Ni ma ban taɓa ci gaban uban Innarku ba har yam mutu, kuma mutumin kirki ne, har yau abin na damuna. Ba cewa niy yi ka bar kunya ba. Yau ɗai."

Ban taɓa jin nauyi irin na wannan lokacin ba. Ga direbobin da suka san ni suna wanke motoci a bakin ruwa. Ga maganar mahaifina a kunnena. Ga kuma Baba da ƙasusuwan wuyansa a waje, ya yi tafiyar da Inna ba ta yarda da ita ba, ya zuba mini ido. Na zauna a ƙarshen bencin, na ja farantin, na juya masa baya ina fuskantar zanan rumfa. A raina na ce na raba gardama, na ci kuma ban ci a gabansa ba.

"Ba ƙeyarka niz zo kallo tun daga Anka ba," in ji shi. "Juyo."

Na juyo. Na yi bisimilla na gutsuri ta wajen wutsiya. Ya ce a'a, wa ya koya mini cin kifi, ta ciki ake farawa inda kitsen yake, tun da zafinsa. Na koma ta ciki. Ya ce in dangwali yaji, kada in yi masa rowa. Na kai baki. Jama'a, ko don yunwar shekara ashirin da ɗaya ce, ban taɓa cin abu mai daɗin wannan ba. Fatar ta soyu ƙaras, cikin kuma laushi, yajin na ratsa hanci. Ya tambaye ni ko gishiri ya ji, na ce ya ji. Ya ce man fa, sabo ne ko kwanan kasko? Na ce sabo ne. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, tsohon nan ba ya ha'inci.

Tun ina sunkuyar da kai har na ɗago. Sai na ga duk lomar da na kai baki, bakinsa na motsi tare da nawa, in na haɗiye shi ma sai maƙogwaronsa ya motsa. Fuskarsa ta saki, irin sakin da rabon da in gani tun kafin ciwo. Hawaye suka zubo mini, na ce yaji ne. Ya ce awo, yajin Gummi haka yake. Ya sa na cinye tas, ya nuna mini yadda ake fasa kan a tsotse, ya hana ni barin ko tsoka ɗaya a jikin ƙaya. Direbobin nan na ganinmu, ban kuma damu ba. Abin da ya dame ni shi ne da na tuna sau nawa ya ce mini bisimilla lokacin da yake da maƙogwaron da zai ci tare da ni.

Da farantin ya zama sai ƙaya, ya jingina da ginshiƙin rumfa ya yi ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Na ƙoshi."

Mai kifi ya kawo buta da ɗan sabulu. Na miƙa hannuna, sai na ga Baba ya riga ni miƙa nasa. Tsohon ya dube shi, ya zuba masa ruwa. Baba ya wanke hannun nan da bai taɓa kifi ba, yatsa bayan yatsa, a hankali, ya kurkure baki, ya shafa gemu. Sannan ya miƙo mini sabulun ya ce mu kama hanya kada Inna ta shiga damuwa.

Kwana ashirin da shida bayan nan ya rasu. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ƙoshin nan da ya yi a bakin gulbi ya raka shi har inda ya tafi.